Muhawara: Furen da ke kan bindigar Arisaka shaida ce ta ganimar fagen fama?

Malam Sani: Ga maganar da masu tara bindigogin yaƙi a Amurka suka daɗe suna yi, ni kuma ina bayanta. Bindigar sojan Japan, Arisaka samfurin 38 ta 1905 da samfurin 99 ta 1939, tana da tambarin fure mai ganye 16 a saman gidan sakata (sakata ita ce ƙarfen da ke tura harsashi ya kulle shi a bututu), alamar cewa kayan Sarkin Japan ce. Bayan Japan ta miƙa wuya a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu a 1945 aka gurje furen kafin a ba sojojin Amurka su tafi da ita gida tsaraba. To duk wadda furenta ke nan lafiya, a fagen fama aka ƙwace ta. Shi ya sa ta fi tsada.

Alhaji Bala: Tsadar gaskiya ce, Malam, hujjar ce ba ta tsaya ba. Ba a Japan kaɗai aka ajiye makamai ba. Rundunonin Japan sun miƙa wuya a Sin, da Koriya, da Bama inda sojojinmu na runduna ta 81 da ta 82 suka gwabza da su, kuma ba ko'ina aka tsaya gurza ba. Bindigogin da suka zauna a rumbunan Sin sun shiga kasuwar Amurka da furensu bayan 1984, lokacin da aka sake buɗe ƙofar shigo da tsofaffin bindigogin soja. Babu sojan da ya ɗauko su a kafaɗa, ɗan kasuwa ne ya yi odarsu.

Malam Sani: Waɗannan ai ba sa ɓuya, Alhaji. Tun dokar Amurka ta 1968 dole mai shigowa ya buga sunansa da garinsa a jikin ƙarfen. A duba ƙarƙashin bututu kusa da baki. In babu hatimin, ga fure, me ya rage?

Hajiya Rabi: Saura da yawa. Rashin hatimi yana nuna ta shiga kafin 1968 ne kawai, ko kuma wani ya goge shi. Sannan furen kansa ana ƙirƙirarsa. A ɗora ruler ta ƙarfe a kan zoben gidan sakata. Na asali a kumbure yake daidai ta kowane gefe. Wanda aka gurje aka sake bugawa zai bar rata, haske na wucewa ta ƙasa. Baƙin launin wurin ma yakan bambanta da na sauran jiki, ko dai ya fi sheƙi ko ya yi ja-ja. A ƙirga ganyen, a duba ko zurfinsu ɗaya ne.

Injiniya Musa: Ku ƙara da lambobi, don sun fi furen faɗin gaskiya. A gefen hagu na gidan sakata galibi akwai harafin Japan a cikin da'ira, shi ne jeri, kowane jeri bindiga 100,000. Sai lambar bindiga. Sai tambarin masana'anta, kamar Nagoya ko Kokura ko Toyo Kogyo. A samfurin 99 lambobi uku na ƙarshe su ake maimaitawa a kan sakata da mariƙin banati. Sukurorin kuma an dandaƙe gefensu tun daga masana'anta don kada su kwance. In dandaƙar tana nan ba a karya ba, ba a taɓa warware bindigar ba.

Sai dai rashin dacewar lambar sakata ba ya kore ta daga tsarabar soja. Akan cire sakatu a tara wuri guda kafin a hau jirgin ruwa, a sauka kowa ya ɗauki wadda hannunsa ya kai.

Malam Sani: To yankan jaka fa? Soja yakan sa zarto ya yanke ƙotar a ƙarƙashin zoben da ke riƙe bututu don ta shiga jakar kayansa. Fure da yanka tare, wannan ma za ku musa?

Alhaji Bala: Yanka ya nuna soja ne ya kawo ta, na yarda. Bai nuna inda ya same ta ba. Haka takardar izinin da hafsa ke sa wa hannu: da yawa "bindigar Japan guda ɗaya" kawai aka rubuta, babu lamba. Takarda irin wannan ana iya liƙa ta ga kowace Arisaka. Wadda ke ɗauke da lambar da ta dace da ƙarfen ita ce abin biya.

Hajiya Rabi: Kuma ɗaya ɓangaren maganar ma da gyara. Ba kowane lalataccen fure ne na 1945 ba. Wadda aka sallama daga aikin soja aka ba makarantu, Japanawa da kansu suka buga wani hatimi a kan furen, suka ƙara sifiri biyu ko uku a gaban lambar, tun kafin yaƙin ya ƙare. Wannan bugu ne mai tsari, ba kamar gurzar gaggawa ko saran ƙarfe biyu a gicciye ba.

Injiniya Musa: Abin da ya fi farashi muhimmanci: wadda ba ta da fure kwata-kwata, ba alamar gurza, a leƙa cikin bututunta. In sumul yake babu zane, ta horon ɗalibai ce, sau da yawa gidan sakatarta zubin ƙarfe ne, an yi ta don harsashi marar kai. Harsashin gaske zai iya tarwatsa ta. Haka nan an faɗaɗa ɗakin harsashin samfurin 99 da yawa don ya karɓi harsashin Amurka .30-06, wasu don sojan Koriya ta Kudu, wasu a hannun maharba. Kwanson .30-06 milimita 63 ne, na Japan 58, kuma ba kullum ake rubuta canjin a jiki ba. Sai maƙerin bindiga ya zuba narkakken ƙarfe mai laushi a ɗakin, ya fitar, ya auna.

Malam Sani: Na sauko zuwa nan: fure ba hujja ba ne shi kaɗai. Amma fure na asali, babu hatimin ɗan kasuwa, sukurori a dandaƙe, ga yankan jaka, har yanzu na fi karkata ga fagen fama.

Alhaji Bala: Karkata dai, Malam. Kawo takarda mai lamba da kwanan wata kafin 15 ga Agusta 1945, ranar da Japan ta sanar da miƙa wuya, sai mu yi maganar ƙarin kuɗi.