Darasin Mantiƙi ga Ɗalibin Kwamfuta: Ɓata Lokaci ne?

Ɗan aji uku: Salamu alaikum. Ni fa ina nan a kan bakana, darasin mantiƙin nan ɓata lokaci ne. Jiya a Naraguta, nan Jos, na kwana cikin wannan sanyin ina cika jadawalin gaskiya da ƙarya. Wa zai ɗauke ni aiki don na iya Prolog, wannan yaren rubuta manhaja da aka gina a kan mantiƙi? Yaren Python ake nema.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, a kan Prolog ka yi gaskiya. Tun 1972 aka ƙirƙiro shi a Faransa, Japan ta narka kuɗi a irin wannan hanya daga 1982 har shekara goma, kasuwa ba ta karɓa ba. Amma kada ka haɗa shi da mantiƙi ka zubar. A 1937 Claude Shannon ya nuna cewa lissafin George Boole na "da", "ko" da "a'a" ana iya gina shi da makunnan lantarki. Wayar hannunka a kan haka take aiki.

Ɗan aji uku: Yaya, ai wannan tarihi ne.

Injiniya: A 1994 an gano kuskuren lissafin rabawa a Pentium, ƙwaƙwalwar kwamfuta ta kamfanin Intel, Intel ta yi asarar dala miliyan 475. Gwaji bai kama shi ba kafin a fitar da kayan. Bayan nan ne kamfanin ya dage da tabbatar da ƙirarsa ta hanyar hujjar lissafi.

Malama: Injiniya, ban yarda a yi wa Prolog jana'iza ba. Na taɓa zama da mahaifina a zaurensa nan Anguwar Rogo, shi da ya karanta mantiƙi a gaban malamai, muka rubuta ƙa'idar gado da Prolog: ɗa namiji yana hana ɗan'uwan mamaci gado. Layi ɗaya. Na shigar da wane ya haifi wane, na tambaya, kwamfutar ta ware masu gado da kanta. Baba ya gyara tabarau ya ce in sake. Ban faɗa mata yadda za ta nemo ba, abin da yake gaskiya kawai na faɗa mata.

Injiniya: Malama, da kyau, amma dangi su yi yawa ki ga yadda zai yi nauyi.

Malama: Wannan matsalar yadda aka jera ƙa'idojin ce, ana gyarawa.

Ɗan aji uku: To Malama, turo min na gadon in gani. Jadawalin nan dai har yanzu ban ga dalilin cika shafi huɗu ba.