Wane ɓangaren aikin gini ya kamata yaro ya kama?

Ɗan Hotoro:
Assalamu alaikum. Ƙanena ya gama sakandare a Kano, yana son shiga harkar gini. Wane ɓangare ne ba a rasa aiki a cikinsa? Kuma sai ya je makaranta ne, ko bin oga ya wadatar?

Injiniya Sabo:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Leburori da masu jera bulo sun yi yawa. Wanda ake nema ruwa a jallo shi ne mai karanta zanen gini ya fitar da awo daidai.

Ga ɗaurin rodi misali. Zane zai nuna Y16 (rodi mai kaurin milimita 16) a pila, Y12 (mai milimita 12) a dakin, wato rufin kankare, da tazarar da za a bari. Rodi yana zuwa da tsawon mita 12, in za a haɗa biyu sai sun hau juna kamar ninki 50 na kaurinsu, wato santimita 60 ga Y12. Masu aiki da ido sukan rage wannan don a ce sun yi tattali, nan ne dakin ke tsagewa. Sannan dole a ɗaga rodi daga kan katako da 'yan biskit na siminti, kankare ya lulluɓe shi da milimita 25. In ya kwanta a kan katako, danshi ya same shi ya yi tsatsa, ya kumbura, ya ɓare kankaren.

Kwaɓi ma haka. Ma'aunin 1:2:4 na nufin buhun siminti ɗaya mai kilo 50 (wanda yake daidai da kwanon sarki 2), kwanon sarki 4 na yashi, 8 na tsakuwa. Leburori suna son ƙara ruwa don shebur ya yi sauƙi, alhali ruwan da ya yi yawa shi ke kashe ƙarfin kankare. Bayan zubi a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, balle a zafin Maris da Afrilu. Yaron da ya san dalilin waɗannan, shi ake ba fomin, wato shugaban ma'aikata.

Baba Birkila:
Injiniya ya faɗi gaskiya, amma kuɗin yana wajen gamawa. Je ka Abuja ka ga masu tayil da silin POP, da yawansu mutanen Togo da Benin ne, saboda aikinsu ba a sake shi. Namu yaran gaggawa ce ke cin su. Kafin a ɗora tayil ko ɗaya, a gwada kusurwar ɗaki da awon 3-4-5 (a auna 3 a bango ɗaya, 4 a ɗayan, in kusurwar ta yi daidai tsakaninsu zai ba da 5), a ja igiya daga tsakiya domin yankakkun su faɗa gefen bango. A jiƙa tayil na seramik in da siminti za a manna shi, a cika bayansa gaba ɗaya. Wanda aka ɗiga wa siminti a kusurwoyi kawai, ka ƙwanƙwasa za ka ji holoƙo, watarana ƙafar gado ta fasa shi. A banɗaki kuwa, ƙasa ta gangara wajen magudana, a zuba bokitin ruwa a gani kafin mai gida ya biya.

Malama Hadiza:
Kan batun takarda: ya haɗa biyun. Yana bin oga, yana neman Trade Test, wato shaidar gwajin sana'a, na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, daga mataki na III zuwa na I, ko jarrabawar NABTEB, hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci. Hukumar ITF, asusun horar da ma'aikatan masana'antu, ita ma tana horar da masu sana'ar hannu. In yana da sakamako mai kyau a lissafi, ya nemi difloma a fannin gini ko ƙididdigar kayan gini a kwalejin fasaha ta Kano ko ta Kaduna. Manyan kamfanoni sukan tambayi takarda, kuma rajista da CORBON, hukumar rajistar ƙwararrun magina, sai da karatu.

Ɗan Hotoro:
Na gode ƙwarai. To wayarin lantarki fa?

Injiniya Sabo:
Yana da kasuwa, musamman in ya haɗa da sola, tunda ko gini ya tsaya gyara ba ya tsayawa. Sai dai ya koya wajen wanda ya san kaurin waya, a ma'aunin murabba'in milimita: 1.5 ga fitilu, 2.5 ga soket, 4 ga na'urar sanyaya ɗaki, kowane layi da birekarsa, gidan kuma da atin, wato wayar da ke kai wutar da ta kauce cikin ƙasa. Kafin ka damƙa shi ga oga, je ka duba gidan da ogan ya yi wa aiki shekara biyu da suka wuce, ka buɗe akwatin bireka ka gani.