Gwiwa ta wuce yatsun ƙafa a skwat, laifi ne ko kuwa?

Kocin_Layi: Salamu alaikum jama'a, dan Allah ina da tambaya. Akwai wani yaro da nake horarwa a jim ɗinmu, wato wurin motsa jiki, dogo ne sosai, duk sanda ya ɗora ƙarfe a wuya zai yi skwat, wato ya tsugunna ya miƙe da nauyin a kansa, sai ka ga ya sunkuya gaba ƙirji kamar zai taɓa cinya. Mu dai tun farko an koya mana kar gwiwa ta wuce yatsun ƙafa, shi ne nake ta ce masa ya tura ƙugu baya, yanzu kuma ga shi yana kukan ƙasan bayansa. Ya zan yi da shi?

Mai_Ƙarfe: Wa alaikumus salam koci. Gaskiya dokar nan ce take wahalar da yaron. Abin da gaɓa take ji ba nauyin ƙarfen ba ne kawai, nauyin ne haɗe da nisansa daga gaɓar, kamar bakanike in noti ya ƙi kuncewa ya zura bututu a sifana, ƙarfin hannunsa bai ƙaru ba amma tsawon ya yi aikin. To a skwat dole ƙarfen ya tsaya saitin tsakiyar tafin ƙafa in ba haka ba mutum ya faɗi, in ka hana gwiwa zuwa gaba dole ƙugu ya yi nisa baya, ƙirji ya sauko don a samu daidaito, sai lodin ya koma kan ƙugu da baya, mai dogon ƙashin cinya kuma abin ya fi tsananta a kansa. An taɓa gwada wannan a Amurka a 2003, suka sa katako a gaban gwiwar masu skwat ya tare ta, matsin gwiwa ya ragu da kusan kashi 22 cikin ɗari amma na ƙugu ya ninka wajen sau goma. Ka ga ai ba riba.

Anti_Fisiyo: Na yarda da Malam amma a bi a hankali fa, mutum 7 ne kawai a gwajin nan. Kuma gwiwa in ta yi gaba matsin da ke bayan ƙoƙon gwiwa yana ƙaruwa da gaske, mai lafiyar gwiwa ba komai, ko matakala kake sauka ai tana wucewa, amma wanda ke da ciwo a nan gara a rage masa zurfi tukuna. Ciwon bayan nan kuma in yana sauka ƙafa ko tana masa mutuwa, a ajiye ƙarfe a je asibiti.

Ɗan_Tsugunno: Oga duba idon sawunsa ma, wasu a nan matsalar take, ya ƙi lanƙwasuwa sai dunduniya ta ɗaga. Sa masa ƙananan faifan ƙarfe, irin waɗanda ake zurawa a sandar ɗaga nauyi, a ƙarƙashin dunduniya, ya ɗan buɗe ƙafa yatsu su kalli waje kaɗan, sannan ya fara da dambel ɗaya, wato ƙaramin ƙarfen ɗagawa na hannu, riƙe a ƙirji, nauyin in yana gaba shi ke barin mutum ya miƙe. Ka ɗauke shi bidiyo ta gefe ka ga ko ƙarfen na sauka a miƙe. Amma fa dogo ko me ka yi sai ya ɗan fi gajere sunkuyawa, halittarsa ce.

Kocin_Layi: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Anti ciwon ba ya sauka ƙafa, a bayan kawai yake tsayawa. Faifan nan na kilo nawa zan sa masa, na 2.5 ya isa ko sai na 5?