Wane suna za mu ba gashin da ake yi wa ƙarin ƙwaƙwalwa idan ya dawo?

Mai shirin lafiya, Abuja: Salamu alaikum. Gobe da ƙarfe 10 zan naɗi shiri kan ƙarin ƙwaƙwalwa da ke sake tsirowa bayan tiyata. Maganin da likitoci ke kira radiyosajari, wanda ake yi da na'ura irin Gamma Knife, shi nake nema wa suna. Na rubuta "tiyatar haske". Ya yi?

Likitan sankara: Bai yi ba, Hajiya. Wanda aka taɓa buɗe wa kai, da ya ji "tiyata" sai ya ce a kai kasuwa. Nan kuwa ba yanka, ba ɗinki. Ana kafa wa mara lafiya firam mai hana kai motsi da kusoshi 4 bayan allurar kashe zafi, ko a sa masa takunkumin roba da aka gyara daidai fuskarsa. A ɗauki hoton MRI, a zana iyakar ƙarin a kwamfuta. Sai hasken gashi ya taho daga ƙwayoyi 192 na kobal, wani ƙarfe mai fitar da shi, kowanne ta kusurwarsa kuma mara ƙarfi, su haɗu a wuri ɗaya. Kaucewar ba ta kai milimita 1 ba. Yawanci a ranar yake komawa gida.

Nas, Jos: To ai mutane "gashi" suka sani. A bar shi haka.

Likitan sankara: Gashin da suka sani daban ne, Sista. Ga mugun ƙari irin giliyobilastoma, gire 60 (gire shi ne ma'aunin yawan gashi) ake bayarwa a zama 30, wajen mako 6. Wannan zama 1 ne, in ya yi yawa 5, kuma a zama guda ana iya ba da gire 12 zuwa 24, gwargwadon irin ƙarin da girmansa. Ƙwaƙwalwar da ta riga ta sha gashi ba ta jure wani mai faɗi, shi ya sa ake neman mai tsukakken wuri. Ni "gashin saiti" na fi so.

Malamin Hausa: "Saiti" Turanci ne aka sa wa hula. Maharbi bara yake yi kafin ya saki kibiya. Gashin bara, shi ne Hausa.

Nas, Jos: Allah ya gafarta Malam, ka faɗi haka a kasuwar Terminus ta Jos, za a tambaye ka ina na bana.

Malamin Hausa: Hausar Jos ba hujja ba ce.

Nas, Jos: Su ma masu cutar sai an kai su Kano kafin su gane? Asibiti da likita da tiyata duk aro ne, ba wanda ya tsawatar.

Malamin Hausa: Waɗancan sun kwana biyu a gidan, sun zama 'yan gari.

Mai shirin lafiya, Abuja: Don Allah a dawo, lokaci na tafiya.

Ma'aikacin na'ura: Ita kanta na'urar da Lars Leksell, likitan Suwidin, ya fito da ita a 1968, "knife" wato wuƙa aka kira ta, alhali ba ta yanka komai. Hajiya, ko wane suna kika ɗauka, ki faɗi waɗannan. Ba a jin zafi ko ɗumi lokacin yin sa, don "gashi" na sa a zaci wuta. Ƙarin da ya wuce kamar santimita 3 ba a cika yi masa a zama ɗaya ba, saboda lafiyayyen naman da ke kewaye zai sha da yawa. Kuma ƙarin ba ya ɓacewa ranar. Daina girma yake yi, ko ya riƙa motsewa cikin watanni. Wani lokacin bayan watanni naman wurin kan mutu ya kumbura, a hoto ya yi kama da dawowar ƙarin, a fara da deksametason, maganin rage kumburi, kafin a tabbatar. Wanda bai ji wannan ba, zai ɗauka maganin ya ci tura.

Mai shirin lafiya, Abuja: Na ɗauki "gashin saiti", zan bi shi da "ba yanka, ba wuta" a karon farko.

Malamin Hausa: A rediyo na yarda. A takardar jarrabawata kuwa, wanda ya rubuta "saiti" ya rasa maki.