Galaksi masu nisa da ƙaramin madubi: gani ne ko zuciya ce ke kitsawa?

Mai Kyamara: Jama'a ni dai masu cewa sun hango galaksi, wato tarin taurari masu ɗimbin yawa, masu dushi-dushin nan da madubin hangen nesa mai inci 8 ban yarda da su ba wlh. Hotunan Hubble, madubin hangen nesan nan da ke sararin samaniya, suka haddace, sai su leƙa su ga duhu zuciya ta ƙarasa musu sauran. In ba kyamara ce ta yi awanni tana tara haske ba, ido ba abin da zai kama.

Baba Mai Madubi: Haba ɗana. Galaksin Andromeda fa ko madubi babu ana ganinta in dare ya yi duhu babu farin wata, kuma nisanta shekarun haske miliyan 2.5 ne. Masanin taurari Al-Sufi ya rubuta ta tun shekarar 964 ya kira ta ɗan gajimare, hoton wa ya haddace?

Mai Kyamara: Baba ai Andromeda maƙwabciya ce, ba ita nake nufi ba.

Ɗalibar Fiziks: Yaya lissafi ne fa. Ƙwayar ido in ta buɗe a duhu ba ta cika wuce milimita 7 ba, madubi mai inci 8 kuwa milimita 200 ne, hasken da yake tarawa ya kai wajen ninki 800 na ido. Launi ne kawai ba za ka samu ba, don ƙwayoyin halittar cikin ido da ke aiki a duhu ba su san kala ba, shi ya sa komai toka-toka yake fitowa.

Baba Mai Madubi: Yauwa 'yata. Kuma abin da koyo, sai ka zauna kamar minti 30 a duhu ba ka taɓa waya ba, sannan ba ka kallon abin kai tsaye, ta wutsiyar ido ake kama shi domin gefen ido ya fi tsakiya jin ƙaramin haske, in ka juyo ka ƙura masa ido sai ya ɓace, ka kauda kai kaɗan ya dawo, wani lokacin ma sai ka ɗan taɓa jikin madubin ya girgiza sannan ya fito. Galaksin M51 tabo biyu nake gani, babba da ƙarami a manne. Hannayenta masu murɗewa kuwa sai daren da sama ta washe tas. Masanin taurari Lord Rosse ma da ido ya fara ganinsu a 1845, ya zana da hannu.

Mai Kyamara: To ai nasa madubin inci 72 ne Baba!

Sabon Shiga: Ni 3C 273 ce ta ɗaure min kai, wadda ke cikin rukunin taurarin Virgo. Haske ya yi tafiyar shekaru wajen biliyan 2 amma inci 8 na kama shi.

Mai Kyamara: Wannan kwesa ce, tsakiyar galaksi mai tsananin haske, ɗigo kawai za ka gani kamar tauraro. Na yarda da ita, na ma yarda da M51. Amma wanda ya ce min ya rarrabe galaksi biyar ɗin nan da ake kira Stephan's Quintet ɗaya bayan ɗaya da inci 8, a nan ne nake ja.

Ɗalibar Fiziks: A wannan kam ina bayanka, yawanci dunƙule suke fitowa sai madubi ya fi haka girma.

Baba Mai Madubi: To mu gwada mana. Kowa ya zana abin da ya gani da taurarin da ke kewaye kafin ya buɗe taswira, daga baya a haɗa. Ɗana kai za ka ɗauko mana hoton da za a gwada zanen da shi, ranar da wata ya ɓuya.