Shawarwari kan furen Iris na hunturu: rana ko inuwa?

Masu sha'awar furanni a Maradi sun tattauna kan Iris ɗin da ke fure lokacin sanyi, wanda asalinsa daga Aljeriya, Tunisiya, Girka da Turkiyya yake. Gardamar duk a kan rana da inuwa ta tsaya.

A Ingila gindin bango mai shan rana ake dasa shi. Mafi yawan masu magana sun ce a nan hakan ganganci ne, domin zafin Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40. Gara ya sha hantsi, inuwar bedi ta rufe shi daga azahar. Inuwa mai duhu kuma ganye kawai za ta ba ka.

Ƙasa kuwa, rairayi da tsakuwa yake so, taki kaɗan. Ruwan damina in ya kwanta masa, saiwar ruɓewa take, shi ya sa aka fi yarda da tukunya mai huji a gindi, wadda za a iya ja ƙarƙashin rumfa a watan Agusta. Kada a binne saiwar da zurfi, kada a yi ta cira ana sake dasawa. A nisanta shi da awaki, saiwar tana da guba.

Wani dattijo ya ja kunne cewa sanyinmu gajere ne, mai yiwuwa ya yi shekara bai fitar da fure ba. Ni ma a nan nake da shakku.