Me ya hana a kafa tashar lantarki ta iska a bakin tekun Legas?

Mai Ɗakin Sanyi, Agege:
Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga masana da ke wannan zaure. Duk wanda ya je Lekki ko Badagry ya san iskar teku ba ta yankewa, ga shi kuma dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara harkar wutarsu. Mu masu ajiye kifi da kaji, kuɗin dizal da kuɗin wuta su ne ke cinye ribarmu. Shin me ya hana a jera manyan injinan iska a gaɓar teku, kamar yadda Senegal ta yi?

Injiniya, Ikeja:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Iskar da ke kaɗa riga a bakin teku ba lallai ne ta isa a zuba mata jari ba. Kafin banki ya ba da ko sisi, sai an kafa doguwar hasumiya mai na'urorin awo, an auna gudun iskar a tsayin da farfela za ta zauna, na aƙalla shekara guda, domin a ga damina da rani da hunturu. Dalilin wannan tsanani shi ne ƙarfin da ke cikin iska ba daidai da gudunta yake ƙaruwa ba: idan gudun ya ninka sau 2, ƙarfin yana ninkawa sau 8. Saboda haka wurin da iskarsa ke gudun mita 4 a daƙiƙa da wanda ke da mita 8, tazararsu a wajen mai zuba jari ba ƙarama ba ce. Yawancin injinan sai gudun ya kai mita 3 zuwa 4 suke fara juyawa, kuma suna tsayawa da kansu idan ya kai wajen mita 25, don kada guguwa ta lalata su.

A Najeriya, iska mai ƙarfi tana arewa ne, a Katsina da Sakkwato da Kano da tsaunukan Jos. Kudu tana da rauni, ko da yake bakin teku ya ɗan fi cikin gari. Ga kuma matsalar fili, domin ana barin tazarar ɗaruruwan mitoci tsakanin injin da injin don kada na gaba ya tare wa na baya iska, kuma kowa ya san abin da fili yake nufi a Legas, da farashinsa da rigimarsa. Gishirin teku ma yana cin ƙarfe. Tashar Taiba N'Diaye ta Senegal da ka ambata tana da injina 46 masu ba da kusan megawat 158, an buɗe ta a 2020, amma ko ita, wannan adadi sai iska ta cika ake samunsa. Tashoshi da yawa a duniya abin da suke bayarwa a shekara bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na adadin da aka rubuta musu ba. Idan za a kwatanta, tashar Egbin da ke Ikorodu, mai aiki da gas, an gina ta ne a kan megawat 1,320.

Direban Tirela, Apapa:
Injiniya ya yi bayani, sai dai bai taɓo ɓangarenmu ba. Fiffiken injin zamani guda ɗaya yana haura mita 60, kuma ba a naɗe shi, ba a raba shi biyu. Ina so a nuna mini kwanar da irin wannan kaya zai sha daga tashar Apapa har ya fita gari. Sai mota ta musamman, da 'yan rakiya, da sauke wayoyi a hanya, sannan a can wurin a sami ƙugiyar ɗaga kaya da za ta kai shi sama.

Injiniya, Ikeja:
Gaskiya ne, Malam. A tashar tafkin Turkana ta Kenya, mai megawat 310, sai da aka gyara hanya fiye da kilomita 200, aka kuma zaɓi ƙananan injina 365 na kamfanin Vestas waɗanda fiffikensu bai wuce mita 25 ba, aka yi dakonsu daga tashar jiragen ruwa ta Mombasa. Abin da ya fi ba ni takaici a labarinta shi ne an gama kafa injinan a 2017, amma layin dakon wuta mai fiye da kilomita 400 bai kammala ba sai a 2018, don haka aka yi ta biyan kamfanin da ya mallaki tashar kuɗin wutar da babu wanda ya sha.

Bakatsine, Idi-Araba:
Ni ban yarda a ɗora wa iska laifi gaba ɗaya ba, 'yan'uwa. A Lambar Rimi ta jihar Katsina, inda aka yi aikin kafa tashar lantarki ta iska, iska ba ta taɓa zama matsala ba. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ne ya faro maganar tun yana gwamna, daga baya gwamnatin tarayya ta karɓa, aka ba kamfanin Vergnet na Faransa kwangilar injina 37 masu ba da megawat 10 kacal. A watan Disambar 2012 aka sace injiniyan kamfanin a Rimi, aiki ya tsaya, kuma gaba ɗaya sai da aka haura shekara 10 ana jan ƙafa. Injin da ke zaune ba ya juyawa lalacewa yake yi, ballantana a inda ƙurar hunturu ke shiga ko'ina. Tashar iska tana buƙatar ma'aikatan da za su riƙa hawa hasumiya suna canza mai, suna duba giyar injin da fiffike, da ma'ajiyar kayan gyara a kusa, da tsaro, har tsawon shekara 20 ko fiye. Alhaji, da ni ne kai, da farantan sola zan fara lissafawa a kan rufin ɗakin sanyin nan, domin su ba sai ka jira layin kowa ba.